Gonar da Ta Kwana a Maƙwabta

Gonarmu tana kan tudu, gabas da Daura,
kanta a gindin gawo, ƙafarta a tafkin Nomau.
Duk abin da ka ɗora mata a ka, sai ya gangara.

Ubana ya bar min ita da duhun taki,
in ka dunƙula ka saki, tana riƙe shatin yatsunka.
Yau in na kafta galma sai ta yi min tsawa,
ƙarfe ya ci karo da marmara.

Ban ga ranar da ta tafi ba.
Ƙasa ba ta sallama.
Ludayi-ludayi take fita kowace damina,
har saiwoyin gawo suka fito fili
kamar jijiyoyin hannun mai surfe,
kwazazzabo ya wage baki tsakanin gero da sabara.

Sai wata Laraba cikin marka.
Na ciyo bashin kwalba biyu a kasuwa,
na goya tanki, na bi kunya-kunya ina feshi.
Hadari ya haɗo, na gan shi.
Tururuwa na kwashe ƙwai, na gan su.
Na ce bari dai in ƙarasa saura.

Ban kai gida ba aka tsuge.
Kunyoyin da na ja miƙe daga sama zuwa ƙasa
don shanu su ji sauƙi,
kowacce ta zama indararo.
Kuɗina, maganina, takin awakin Hajo,
suka kama hanya ɗaya, babu mai jira.

Daren nan tafki bai ce uffan ba.
Wanda ya saba barci da kukan kwaɗi
shi ya san nauyin shiru.
Da safe ƙarfasa sun juyo fararen cikkuna,
balbela ta tsaya nesa ta ƙi tsinta,
sai yara da ƙwarya, sun ga banza za su tara.

Nomau ya kore su. Ni bai zage ni ba,
da ma ya zaga.
Ya ɗebo jan laka a tafi ya miƙo min:
"Barau, ga gonarka, a wurina ta kwana.
Sai dai ta goyo baƙo.
Nan jikokina ke wanka, nan shanunka ke sha.
Ka ɗauke abarka, ko ka gyara."

Da rani, ni da Ilu da jaki
muka bi fako muna tsintar duwatsu.
Malamin gona ya zo da siririn tiyo cike da ruwa,
ruwan da kansa ya nuna inda zai yarda ya tsaya,
nan muka jera.

Shanu sun yi gardama kwana uku,
sun saba sauka, ba su saba gicciye ba.
Ni ma haka.
A bakin tafki na auna taku ashirin,
na dasa jema da gamba, na ce nan tanki ba ya wucewa.
Masu sayen harawa suka zo, na ba su haƙuri,
na bar wa ƙasa mayafinta na kara.

Yanzu sama nake fara tambaya kafin kwalba.
Murfi ɗaya aka ce, murfi ɗaya nake zubawa,
ba na cewa ƙari ya fi.
In iska ta taso, in sauke goyo in kama fartanya.

Kwazazzabo bai rufe baki ba tukuna,
bashin ma da sauransa.
Amma a bayan duwatsu na tura hannu,
taushi ya kai wuyan hannu.
Jiya kuma da tsakar dare,
kwaɗo ɗaya mai dusasshiyar murya ya gwada.
Na taɓa Hajo ta farka.
Muka yi kasaƙe muna saurara.